KUJERAR GABA: Shafi na 11

Na ga saƙonninku, har da na masu zagina a fakaice. Wayar ce ta faɗa bokitin wanki, ba jan aji nake yi ba. To, ku gyara zama.

*

Kwana uku ke nan da barinmu gida, kwana uku kuma ina rigima da Umma a kan kujerar gaba.

"Umma, jiya sau biyu ina amai a baya. Yau ɗaya dai ki bar min."

"Ba zan bari ba."

"Don Allah fa na ce."

"Ki sauke gilashi ki sha iska. Nan wurina ne."

Ta shige ta ja ƙofa, ta rungume jakarta a cinya. Na tsaya a harabar masaukin ina huci. Matar da a da ko kasuwa za a kai ta a mota sai an yi lallashi, yau ita ce ta kafa sansani a gefen direba.

Baba kuwa yana zagayen da ya saba kowace safiya. Ya bubbuga tayoyi huɗu da ƙafa, ya shafa murfin mai, ya durƙusa ya lalubi makullin ajiyarsa da ke ɗaure da waya a ƙarƙashin bambar baya. Shekara talatin da ɗaya yana jan doguwar motar fasinja kafin ya ajiye aiki bara, amma har yau wannan ƙaramar tsohuwar motar tasa ma sai ya yi mata gaisuwar safe.

"Uwata, ke da Kwandasta ba za ku bar mutum ya ji muryar injinsa ba?" Ya miƙe yana kaɗe gwiwa. "Shiga mu tafi. Yau birni za mu."

Kwandasta, wai Umma ke nan. Sabon suna ne, a wannan tafiyar na fara jin sa. Tun muna yara Baba yake mata alƙawarin zai kai ta ta ga babban birni da motarsa, sai bana Allah ya nufa. Ni kuma da na shekara biyu rabona da gida saboda aure da koyarwa, na ɗauki hutu na biyo su. Da na san abin da zan tarar, wallahi da tun a ƙofar gida za a yi ta ta ƙare.

Garin da muka kwana titi ɗaya gare shi. In ka yi atishawa a farkonsa, daga ƙarshensa za a yi maka sannu. Mai aski ya rataye madubinsa a ƙusa jikin bango yana jiran kan farko. Kanti ɗaya ne, amma akwai katifa, akwai tayar keke, akwai littafin rubutu, duk a ƙofa ɗaya. Tela ya fito da kekensa waje yana hamma. Ina son in kalli garin a natse, amma ina! Umma ta buɗe rediyonta.

"Kai, ji wani mai keke a hannun dama, ko ina za shi da buhu haka?"

Baba ya ɗan karkata hagu.

"Oh, su ma garin nan sun yi tudun rage gudu har biyu. Ga na farko nan gaba kaɗan."

Mota ta sassauta.

"Ikon Allah, awaki uku a tsakiyar titi, kamar na maƙwabciyarmu."

"Umma," na ce, "muna da ido fa. Mu ma muna gani."

Baba ya yi gyaran murya, ya nuna hagu da haɓa.

"Kin ga gidan man can mai koren rufi? Nan nake tsayawa shan shayi. Shekara ashirin, kofi ɗaya suke ajiye min."

Na duba. Fili ne fetal, sai tarin bulo da wata akuya a kai.

"Wane gidan mai, Baba?"

"Ga shi nan kuwa," Umma ta yi caraf. "Har yanzu rufin da kyansa."

Na sake waiwayawa har wuyana ya yi ƙara. Babu rufi, babu famfon mai, babu komai. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ga idon Umma a madubin gefe ta kafe ni da shi. Na haɗiye. Amma tun daga nan zama ya gagare ni, na koma wannan gefe, na dawo wancan.

Mun wuce ƙananan garuruwa biyu. Ɗaya duk masu gyaran babur ne, ɗayan kuma tashar jirgin ƙasa ce da ciyawa ta cinye, mata sun shanya wanki a kan dandamalin. Umma ba ta rufe baki ba ko na minti ɗaya. Rami, kwana, ɗan makaranta, babbar mota na tahowa. Kaina ya fara sarawa.

Sai ga kiran shugabar makarantarmu.

"Hajiya, ina kwana? Na'am? Ba na ji sosai..."

"Wannan kwanar da tsawo take," in ji Umma.

"Wace takarda? Ta 'yan aji shida?"

"Ga wata mota can ta taho da gudu kamar an koro ta."

Na toshe wayar da tafin hannu.

"Umma! Don girman Allah minti biyu. Minti biyu kacal ki yi shiru, aikina ne!"

Ban taɓa ɗaga mata murya haka ba. Ta yi tsit. Na koma kan wayar, na juya fuska ga taga. Ban san daƙiƙa nawa aka yi ba.

"BIRKI!" Umma ta ƙwala ihu.

Goshina ya daki bayan kujera. Waya ta yi ƙasa. Da na ɗago, bayan wata babbar mota ce ta lalace a gefen titi, ƙarfenta a saitin gilashinmu, tazarar ba ta kai tsawon hannuna ba. Mota ce ƙatuwa, ja jawur, da rana tsaka, a miƙaƙƙen titi.

"'Yan iska," Baba ya ce. "Ko alama ba su sa ba."

Sun sa. Mun taka ta ma, ina jin ƙarar fashewarta a ƙarƙashinmu.

Umma ta ɗora hannu a gwiwarsa. "Babu komai, Malam. Koma baya kaɗan. Hagu babu kowa."

Na sunkuya na ɗauki wayata, na kashe ta.

*

Birni kam birni ne. Benaye masu gilashi, titi layi huɗu, hon ta ko'ina, masu babur suna kutsawa ta inda ko kaza ba za ta bi ba. A da ina ɗokin ganin wurin nan, yau ko bene ɗaya ban kalla da daɗin rai ba. Idona na kan hannun Baba, kunnena na kan bakin Umma.

"Wannan jar fitilar irin kalar mayafina ce sak."

Ya tsaya.

"Yawwa, ta koma koriya, ta fi kyau."

Ya tashi.

Na daina jin surutu, na fara jin abin da take faɗa.

Muka ajiye mota a filin gidan tarihi. Baba ya fito yana fara'a, ya saƙala hannu a na Umma kamar sababbin aure. Muka zaga ɗakin tsofaffin tukwane, da na takubba, da wani tsohon injin buga jarida da ya cika ɗaki guda. Mai yi mana bayani dogo ne mai sanƙo, yana magana kamar ana binsa da bulala. Baba yana ta "Allah Sarki" da "ikon Allah", amma na lura duk abin da aka nuna sai ya kai hannu, mai bayanin yana ta "Baba, ba a taɓawa."

Daga nan muka fito dandalin da hasumiyar agogo take. Tattabaru sun cika wurin, masu ɗaukar hoto suna bin mutane.

"Yawwa!" Baba ya saki hannun Umma. "Uwata, zo ki gani. Duk direban da ya shigo garin nan, da agogon nan yake saita nasa. Bai taɓa ƙarya ba."

Ya ɗaga kai sama, ya kare rana da hannu, ya daɗe yana kallo. Sannan ya dubi tsintsiyar hannunsa, ya gyaɗa kai.

"Daidai wa daida. Ko minti ɗaya babu tsakani."

Na ɗaga kai ni ma.

Agogon ba shi da hannu. An cire duka biyun, an kafa katakon masu gyara a jikinsa, farar fuskar kawai ta rage.

Na dubi Umma. Ta sunkuyar da kai tana gyaran mayafin da babu abin da ya same shi.

"Baba, ba ni makulli in ɗauko mana ruwa a mota."

Ya zaro ya miƙo, ya miƙa shi gefen da ba na tsaye. Na matsa na karɓa.

"Umma, zo ki raka ni."

"Ke ba ki san hanya ba?"

"Zo ki raka ni, Umma."

Muka zaunar da shi a benci ƙarƙashin wata bishiya. Ban bari mun kai mota ba, bayan wani kantin sayar da katin hoto na ja ta.

"Tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Umma, kar ki mayar da ni yarinya. Agogon nan ba shi da hannu. Gidan mai babu shi. Tun yaushe Baba ba ya gani?"

Ta dubi hagu, ta dubi dama.

"Rage murya."

"Ba zan rage ba!"

"Yana gani," ta ce. "Kaɗan. Na hagun ne ya tafi gaba ɗaya. Na daman kamar ta cikin hayaƙi, yana ganin haske da inuwar abu."

"Inna lillahi. Tun yaushe?"

"Shekara ɗaya da rabi. Ba ajiye aiki ya yi don kansa ba, gwajin ido aka yi musu a kamfani. Likita ya ce jijiyar ce ke mutuwa, abin da ya tafi ba ya dawowa. Ya ce kafin ƙarshen shekarar nan..." Ta kasa ƙarasawa.

"Su Yaya sun sani?"

"Babu wanda ya sani. Ya sa na rantse."

"Shi ne kika zauna a gaba kina masa awaki da mayafi? Kwana uku a babban titi? Da ni a baya?"

"Hanyar a kansa take, Uwata. Kowace kwana, kowace gada, ya san ta kamar tsakar gidansa. Abin da ke motsi kawai nake faɗa masa."

"Yau saura ƙiris mu shige ƙarƙashin babbar mota!"

"Da ba ki ce in yi shiru ba..."

Ta kama bakinta. Amma ta riga ta faɗa, kuma ta soke ni inda ya fi ciwo.

"To na ji, laifina ne. Amma makullin nan ya bar hannunsa ke nan."

"Uwata, ki bi a hankali. Ba ki san abin da motar nan take a wurinsa ba."

"Na san abin da ranku yake a wurina."

Na juya. Tana kirana, ban tsaya ba.

Baba yana zaune inda muka bar shi, ya jingina, yana murmushi shi kaɗai, tattabaru na yawo a ƙafafunsa. Na tsaya a gabansa, taku uku tsakaninmu. Ban yi magana ba. Ya kalle ni, ya kawar da kai, ya ci gaba da jiran 'yarsa.

Nan ne hawaye suka ƙwace min.

"Baba."

Ya zabura. "Au, har kin dawo? Ina ruwan?"

"Tun ɗazu nake tsaye a nan."

Murmushin ya tafi a hankali. Ya juya kai yana neman Umma, wadda ta biyo bayana.

"Kwandasta, kin faɗa mata."

"Ba ita ta faɗa ba," na ce. "Agogon ne. An cire masa hannu, Baba. Gyara ake yi."

Ya shafa agogon hannunsa da babban yatsa.

"To. Ashe shi ma ya tsufa." Ya miƙo tafin hannu. "Ba ni makullina."

"A'a."

"Me kika ce?"

"Ka gafarce ni, Baba. Ba zan bayar ba."

"Ni kike ce wa a'a?"

"Kai ka koya min tuƙi. Kai ka ce min ranar da na ji barci ko jiri, in sauka in ba wani, ran mutane ba abin wasa ba ne. Ko ba kai ka faɗa ba?"

"Shekara talatin da ɗaya," ya ce, muryarsa ta fara tashi, "ko kaza ban taɓa takewa ba. Je ki tambaya!"

"Na sani."

"Ba ki sani ba! Da kin sani da ba ki tsaya a kaina cikin mutane kina min kamar wani ɗan koyo ba."

Wani mai hoto ya matso yana ɗaga kyamara. "Alhaji, a ɗauke ku da iyali?" Umma ta kore shi da hannu.

Na durƙusa a gaban Baba, na dafa gwiwarsa.

"Duk inda kake so zan kai ka. Ka faɗa min kawai. Me ya rage ba mu gani ba?"

A hankali ya amsa.

"Gada."

"Wace gada?"

"Babbar gadar ƙarshen gari, ta kan kogi. Sau nawa na haye ta, Allah kaɗai ya sani. Duk hawa sai in ji fasinja a bayana suna 'kai, ji ruwa! Ji jiragen ruwa!' Ni ko sau ɗaya ban taɓa juya kaina ba. Mutum sittin a wuyana, ina zan kalli ruwa? In na dawo gida uwarki ta ce yaya kogin yake, sai in ba ta labarin da na ji a bakin fasinja. Na ce mata wata rana ni da kaina zan haye da ke, a motata, ki kalla ki faɗa min."

Umma ta juya baya tana share ido da bakin mayafi.

"To mu je yanzu," na ce. "Ni zan ja. Ka zauna a gaba, ka sauke gilashi, ka juya kanka yadda kake so. Ba ka ga ma ya fi ba?"

"In zauna a gefe."

"Eh."

"A ɗauke ni kamar buhu."

"Baba, ba haka..."

"Tun ina ɗan shekara sha tara ban zauna a kujerar fasinja ba. Gadar nan kaɗai na roƙa. Daga ita in kin ga dama ki jefa makullin a kogin."

Wallahi zuciyata ta so ta karye. Na tuna layi huɗun nan, da masu babur, da jan ƙarfen da ya tsaya a saitin fuskar Umma. Na damƙe makullin har ya shiga naman hannuna.

"A'a, Baba."

Ya gyaɗa kai sau biyu. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi faɗan da ya fi min sauƙi.

"Shi ke nan. Kin girma." Ya dafa benci ya miƙe. "Ina ne bayin maza? Zan yi alwala."

"Bari in raka ka, Malam," in ji Umma.

"Har can ma sai an ja ni? Nuna min kawai."

"Miƙe sosai, jikin bangon gidan tarihi. Ƙofa ta biyu."

Ya tafi a hankali, kansa a sama, hannunsa ɗaya na shafar bango. Muka bi shi da kallo har ya sha kwana. Na zube a bencin. Umma ta zauna a ɗaya ƙarshen, ta bar fili tsakaninmu.

"Kin kyauta," ta ce can. Ban gane ko yabo ba ne ko zagi.

"Umma, da kin kira ni tun farko."

"In ce miki me? Mutumin da ya yi wata biyu bai fita ƙofar ɗaki ba bayan sun karɓe masa mota? Ranar da na ce masa tashi ka kai ni kasuwa, ni zan zame maka ido, ranar ya fara cin abinci. Ke ba ki nan."

Na kalli makullin a tafina, da tsohuwar fatar da ke jikinsa wadda hannun Baba ya goge har ta yi sheƙi.

"Zai huce," na ce. "In ya fito mu lallashe shi tare."

"Uhm."

Minti biyar. Tattabaru suka tashi suka sake sauka. Na duba kwanar bangon.

"Bai daɗe ba kuwa?"

"Alwalarsa da ma da tsawo."

Minti bakwai. Na miƙe, na zauna, na sake miƙewa.

Sai na ji tari.

Ba na mutum ba. Tarin nan biyu da tsohuwar motarmu take yi kafin ta kama, wanda ko cikin mota dubu zan gane shi. Daga filin ajiye motoci ya fito, ta bayan bangon.

Na dubi hannuna. Makulli na nan.

Umma ta miƙe tsaye, jakarta ta faɗi ƙasa.

"Makullin ajiya," ta ce. "Na ƙarƙashin bamba."

Muka kwasa da gudu. Takalmina ɗaya ya fita, ban tsaya ba. Muna shan kwana na hango ta, ta riga ta wuce mai gadi, hancinta na shiga babban titi. Baba a zaune ƙyam, hannu biyu a sitiyari, gilasai duk a rufe.

Kujerar gaba babu kowa.

Ban taɓa sanin Umma na iya gudu ba sai yau. Ta wuce ni, mayafinta ya zame, tana ɗaga hannu, tana ihu da muryar da ba za ta kai gare shi ba.

"Malam! Ja ce! Fitilar ja ce, Malam!"